Ranar da Inna Ta Zo Raba Ni da Birai

Wani direban motar shanu ne ya jawo mini, ɗan unguwarmu a Wudil, kuma har yau in na tuna shi sai na yi tsaki. Ya kai shanu kudu ya sauke lafiya. Maimakon ya nemi inuwa ya shimfiɗa tabarma ya yi barcinsa kamar kowane direba mai hankali, sai zumunci ya motsa masa, wai bari ya shiga jami'a ya gai da ɗan gida. Wannan ya nuna masa nan, wancan ya nuna masa can, har aka kawo shi gidan zu, wato gidan ajiye dabbobi, na jami'armu. Ya same ni a cikin kejin birai, na naɗe ƙafar wando, bokiti a hannun hagu, tsintsiya a dama, wani biri ya hau kafaɗata yana binciken kaina ko zai dace da kwarkwata. Na fito muka gaisa, na saya masa lemo mai sanyi, na raka shi har bakin titi yana ta sa mini albarka. Kafin Juma'a ta zagayo, daga kara har layin masu kifi babu wanda bai ji ba a kasuwar Wudil, cewa yaron nan da aka tura jami'a ashe kashin biri yake kwashewa.

Da a wani zamani ne da abin ya zo da sauƙi. Amma lokacin kuɗin man fetur ne. Abokaina da suka tsaya a sakandare duk sun kama aiki, wannan da sabon babur, wancan da motar da ko ledar kujera bai yarda an cire ba. Gwamnati na neman ma'aikata ido rufe. In dai ka iya sa hannu a takarda ba ka ɓata ta ba, za a ba ka ofis da fanka da masinja. Wanda muka zauna benci ɗaya da shi a firamare, wanda bai taɓa cin lissafi ba, ya dawo daga aikin hajji da haƙorin Makka da rediyo mai kaset. Ni kuwa ilimin dabbobi nake karantawa, ina shekarar ƙarshe, kuma malaminmu ya riga ya ce in na gama in zauna in yi aiki a gidan zu ɗin, in ƙara karatu a kai. Wallahi ba abin da nake so a duniya kamar wannan. Sai dai maganar ba a hannuna take ba. Babanmu ya rasu tun ina sakandare, hukunci ya koma wurin Inna. In ta ce zauna, na zauna. In ta ce dawo, ko ina kuka sai na ɗaure akwatina.

Matsalar ita ce Inna ba ta yi mini magana. Ba faɗa muka yi ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa 'yar Darki ce ta asali, kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Ana yaye ni aka miƙa ni wurin kakata a can Darki, a hannunta na yi wayo, sai da na isa shiga makaranta aka dawo da ni Wudil. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, ba ta zama inda na zauna. Sunana a bakinta "wancan". Ni ina iya durƙusawa in gaishe ta, in faɗi abin da ya kawo ni, amma amsar sai ta biyo ta bakin wani. Ina tsaye a gabanta za ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa wancan tuwonsa na hucewa." In ƙanwata ba ta nan, maƙwabciya. In babu maƙwabciya, sai a jira mai tallan goro ta shigo. Ranar da labari ya zo na samu jami'a gida ya ruɗe da guɗa, ita kuwa ta fito tana tambaya wa ke firgita mata kaji.

To sai ga saƙo ta bakin wani direban daban: Inna na tafe, za ta ga abin da idonta, kuma in fara haɗa kayana. Kawu ne zai rako ta. Kawu ƙanenta ne, dillalin shanu a kara, mutumin da ko raɗa zai yi maka sai na bayan katanga ya ji. Shi ne zai yi mana tafinta, daga Hausa zuwa Hausa.

Na tarye su a tashar jirgin ƙasa. Inna da ba ta taɓa wuce Kano ba ta sauko da ƙunshinta a ka, fuska a murtuke. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya aka baro mutanen gida?"

Ta dubi Kawu ta ce, "Ka ce lafiya lau. Ka kuma tambayi wancan ko babu wanzami a garin nan."

Na tara suma irin ta yayin lokacin, wadda nake sharcewa kullum da safe har ta tsaya ƙyam. Kawu ya gyara babbar rigarsa, ya ɗaga murya yadda duk tasha za ta ji.

"Ta ce kanka kamar sheƙar shamuwa, ka fara ba mu kunya tun daga tasha."

"Haba Kawu, ai ina ji. Ba haka ta ce ba."

"Kai ne tafintan ko ni?"

Na haɗiye fushina, don ina da shiri. Na ari farar riga irin ta likitoci a wurin wani abokina. Na roƙi tsohon da ke kula da dabbobin, wani Bayarabe da kowa ke kira Baba, mai 'yar Hausar da ya tsinta a wurin mahauta, cewa gobe ya riƙa ce mini dokta. Na kuma tsara hanyar da za mu bi: manyan dabbobi masu kwarjini kawai, mu ƙare a wurin raƙumi, mu juyo. Birai suna can bayan garken raƙumin, kuma na yi rantsuwa Inna ba za ta ga ko jelar ɗaya ba.

Washegari Lahadi ce, wurin ya cika da mutanen gari da 'ya'yansu. Muna isa ƙofa Inna ta ja ta tsaya ta yi sallama, ta jira a amsa, don ita ba ta shiga gidan mutane haka kawai. Wani aku da ke rataye a gefe ya amsa mata da Yarabanci. Ta ce, "Madalla," ta shiga. Baba ya taho da gudu ya ƙame, ya sara mini kamar soja, ya ce, "Dokita! Sannu Dokita! Mama Dokita, sannu! Alhaji Dokita, sannu!" Na harare shi ya rage, amma ina, abin ya riga ya yi masa daɗi.

Na gyara murya na fara jawabin da na haddace. Na ce asalin wurin nan ba don kallo aka yi shi ba. Wasu 'yan keji ne kawai a bayan ajin da ake koyar da ilimin dabbobi, don ɗalibi ya ga abu da idonsa, kada ya gama karatu bai san gafiya da zomo ba sai a hoto. Sai maharba da manoma suka ji labari. Wanda ya kama ɗan barewa ya kawo, wanda mesa ta shiga gonarsa ya kawo ta a buhu. Turawan da ke koyarwa kuma, in za su koma ƙasarsu, mai biri ko aku a gida sai ya bar shi a nan. Mutanen gari suka fara leƙe ta shinge ranar hutu, da abin ya yi yawa aka ja katanga aka sa ƙofa, aka nemo manyan dabbobi daga wasu wurare. Na rufe da cewa yanzu wuri ne na bincike, masana ne ke aiki a ciki, na ɗan ja wuyan farar rigata.

Inna ta ce wa Kawu, "Wato Bature ya gaji da birinsa ya tafi ya bari, shi ne wancan ya gada."

Kawu ya juyo. "Ta ce 'ya'yan mutane sun gaji Bature a kujera da mota, kai ka gaje shi a biri."

Na ce mu je wurin zaki.

Zakin nan shi ne abin taƙamarmu. In ya yi ruri da asuba har ɗakunan kwanan ɗalibai ana ji. Amma ranar, ranar da nake buƙatarsa, ɗan banzan ya kwanta rigingine, ƙafafu a sama, baki buɗe, ƙudaje na shiga suna fita. Na tafa hannu. Na buga ƙarfen keji da makulli. Baba ya yi masa kirari da Yarabanci har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya buɗe ido ɗaya ya dube mu, ya saki wata iska mai ƙara, ya koma barcinsa.

"Ka tambaya me yake ci," in ji Inna.

Ban jira Kawu ba na ce, "Naman akuya, Inna."

"Ka tambaya wane aiki yake yi."

"Ba ya aiki, Inna. Kallonsa ake zuwa yi."

Ta jinjina kai. "Nama a kwance, ba noma ba kasuwa. Ashe har dabbobi gwamnati ta ɗauka aiki."

A wurin kada kuwa Kawu ne ya tayar da gardama. Kadan na kwance a bakin ruwa ko ƙifta ido ba ya yi, Kawu ya rantse da siminti aka yi shi, wai a wannan zamanin da siminti ya yi yawa me ba za a gina ba. Na ce mai rai ne. Ya ce shi da ya tashi a bakin kogin Wudil za a yi wa wayo? Ya ciro guntun goro daga bakinsa ya jefa masa a hanci. Kadan ya haɗa muƙamuƙinsa, ƙas! Ban ga lokacin da Kawu ya motsa ba, sai dai na gan shi a bayan Inna yana riƙe da gefen mayafinta. Ya ce takalminsa ne ya zame.

Muka wuce jimina, Inna ta ce wannan kazar in ta shiga gero an gama. Muka wuce mesa, ta ƙi kallo, ta yi ta neman tsari. Sai muka iso wurin wani ƙaton kunkuru, wanda yaro zai iya zama a bayansa. Baba ya ce, "Mama, wannan tsoho ne sosai sosai. Ya girme ni, ya girme babana." Jin haka Inna ta gyara zani ta rusuna a gaban kunkurun.

"Sannu, tsoho. Ina kwana? Ina gajiya? Ya ƙarfin jiki? Ya baƙunta? Ya haƙuri da mutane?"

Bayan kowace tambaya sai ta ɗan dakata, ta ba shi lokacin amsawa. Shi kuwa yana ta tauna ganyensa. Ina tsaye ina kallo, abin yana ci mini rai. Kishi ne, ba wani abu ba. Ni da farar rigata, ɗalibin shekarar ƙarshe, na tsaya ina kishi da kunkuru, don a tsayuwar nan kaɗai ta yi masa maganar da ba ta taɓa yi mini kwatankwacinta ba tun da aka haife ni.

Daga nan sai wurin raƙumi, inda na shirya mu juya. Nan ne jama'a suka fi cika, don mutanen can ba su saba ganinsa ba. Iyaye sun ɗora yara a wuya, wani mai hoto yana ta zagaye da kyamararsa. A garken da ke gefe kuma jaki ne, jaki dai irin namu, an kafa masa allo da dogon suna na Latin. Kawu ya ga jakin, ya ga allon, ya riƙe ciki.

"Yaya! Zo ki ga ikon Allah! Jaki a jami'a! Da na sani ai da na taho da namu na gida, ko shi ma ya samu ilimi."

Ya yi dariya har da hawaye. Yana share ido sai ya dubi raƙumin, nan take dariyar ta ɗauke, idon dillali ya buɗe. Kadan nan ya riga ya kunyata shi a gaban yayarsa, ga kuma dabbar da ya sani. Ya zagaya ta nan, ya zagaya ta can, ya zura hannu ta shinge ya matsa cinyar, ya ce an bar shi da yunwa. Ya hangi tozon ya taɓe baki. Sannan ya ce saura haƙori, don shi bai taɓa yanke wa dabba hukunci bai ga haƙorinta ba.

Na ce, "Kawu, don Allah kada ka taɓa bakinsa. Wannan ba raƙumin kasuwa ba ne. Ɗalibai sun tsokane shi har ya tsani mutane."

"Kai za ka koya mini raƙumi? Kana yawo ba wando nake buɗe bakin waɗanda suka fi wannan."

Ya naɗe hannun babbar rigarsa, sabuwar shadda da ya ɗinka musamman don tafiyar nan, ya taka ƙarfen shinge ya hau, ya cafki leɓen raƙumin ya ɗaga. Raƙumin ya yi wani gurnani daga can cikin cikinsa. Na san wannan gurnanin, na ja da baya. Duk abin da ya tuƙa tun safe ya feso wa Kawu, kore shar, mai wari kamar kwatami, tun daga hula har aljihun gaba. Jama'a suka ɗauka cikin wasan ne, suka kaure da tafi. Mai hoto ya ɗauka. Kawu ya sauko yana salati yana tofar da yawu, idonsa a rufe, hannuwa a miƙe. Baba ya kama shi ya ja, yana cewa, "Alhaji Dokita, zo famfo, zo famfo."

Haka aka bar mu, ni da Inna, ba tafinta.

Ta juya tana kallon jaki kamar ba ta taɓa ganin jaki ba. Ni ma na kalli jakin. Jakin ya kalle mu. Ina so in ce mu koma, amma wa zai karɓo mini amsa? Muna cikin haka sai kuka ya tashi daga bayan garken, siririn kuka mai tsuma rai, irin na jaririn da ya farka da yunwa. Garin shirin tarbar baƙi na manta lokacin madara ya yi. Inna kuwa ba ta iya jin kukan jariri ta tsaya. Kafin in yi wani abu ta kama hanya tana bin sautin, ta zagaya garken raƙumi, ta faɗa tsakiyar birai.

Ga su nan keji bayan keji, suna tsalle suna ihu, don sun gan ni. Ga bokitina da tsintsiyata a jingine inda na bar su. A gefe, cikin wani ƙaramin keji, ɗan jan biri ne a kan tsohon tawul, bai fi tafin hannuna biyu ba, yana kuka yana miƙo mini hannu. Na duba hagu na duba dama. Dokta dai ya ƙare. Na tuɓe farar rigar na rataye, na shiga ɗakin ajiya na dama madara da ruwan ɗumi, na zuba a fida, na ɗauko shi. Ya damƙi sumata da hannu ɗaya, ya kama fidar yana zuƙa yana ajiyar zuciya.

Inna na tsaye tana kallo. Na sunkuyar da kai na yi bayani, don ni dai an yarda in yi magana.

"Inna, waccan ta cikin babban kejin, wadda ta juya baya, ita ce uwarsa. Tun ranar da ta haife shi ta ƙi shi. Ko an miƙa mata sai ta ture. Haihuwar fari ce, ba ta san yadda ake yi ba. Shi ya sa nake ba shi madara, in ba haka ba mutuwa zai yi."

Inna ta taka a hankali har gaban babban kejin. Ta daɗe tana duban birinyar. Sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ashe ku ma kuna yi."

Na gane inda ta dosa, ilimina ya motsa. "A'a Inna, ba kunya ba ce. Birai ba su san wannan ba. A littafi an ce..."

"Kin ji shi," ta ce wa birinyar. "Littafi. Ki ce masa mai littafin bai taɓa haihuwa ba."

Birinyar ta juyo, ta matso jikin waya, ta ƙura wa Inna ido. Inna ta ce, "Ga shi nan. Duk lokacin da wancan ya sunkuya sai ki saci kallon ɗanki. Su ba sa lura." Ni na san abin da birinyar ke kallo. Ƙuli-ƙuli ne ƙulle a bakin mayafin Inna, ƙamshinsa ta ji. Na sani sarai, amma na ja bakina na yi shiru.

Inna ta tsuguna daidai fuskar birinyar, ta rage murya, amma ba yadda ba zan ji ba.

"Da ciwo, ko? Na sani. Ana ɗauke shi nono na zuba, ki juya baya kamar ba ki ji kukan ba. Mutane su ce kin yi kunya, kin kyauta, ke kuwa ki shiga ɗaki ki cusa zani a baki. Ni har Darki nake takawa da ƙafa, in ce daddawa na je nema, alhali ga daddawa a kasuwar Wudil har ta yi yawa. In tsaya a zaure in hango shi yana wasa da ƙasa, in juyo. Ke gara ke, naki yana kusa."

Ban san wannan ba. Wallahi ban taɓa sani ba, kuma kakata ba ta taɓa faɗa mini ba. Idona ya cika, na ƙi ɗagowa. Daidai lokacin na ji wani ɗumi yana bin ƙirjina yana gangarawa cikin wando. Ɗan birin ya ƙoshi, ya sake mini fitsari.

"Ki ce masa ba haka ake riƙe jariri ba," in ji Inna. "Ya tallafi ƙeyar. In ya gama ya ɗora shi a kafaɗa ya bubbuga bayan, ya yi gyatsa."

Na tallafi ƙeyar. Na ɗora shi a kafaɗa na bubbuga. Ya yi gyatsa kuwa.

"Ki tambaye shi ina kakar yaron."

Na share hanci da bayan hannu. "Babu kaka, Inna. Ita uwar tun tana ƙarama wani manomi ya kawo ta daga daji. Ba ta da kowa a nan."

Inna ta sake duban birinyar.

Sai ga Kawu ya ɓullo, Baba na biye da shi ɗauke da jiƙaƙƙiyar shadda. An ara masa kakin masu shara, wandon ya tsaya masa a ƙwauri, rigar ta ƙi rufe tumbi, kansa ba hula. Ya ga birai, ya ga bokiti, ya gan ni jiƙe da fitsari da biri a kafaɗa.

"Yawwa! Yaya, kin gani da idonki! Direban nan bai yi ƙarya ba, ragewa ma ya yi. Wannan ba wurin ɗan mutunci ba ne. Ya haɗa kayansa, gobe mu bi jirgi. Ni da kaina zan kai shi wurin mutumina a sakatariya, kafin wata ya mutu yana kan kujera."

Na ƙanƙame ɗan birin har ya yi ƙara.

Inna ta miƙe ta kakkaɓe zaninta. "Ka ce wa wancan ba inda za shi."

"Na'am?"

"Uwa tana kunya, kaka babu. In ya tafi wa zai riƙe yaron? Shi ne kakar."

"Yaya, biri ne fa! Biri! Me zan faɗa wa mutanen kara?"

"Ka faɗa musu yadda kuka yi da raƙumi. In ka manta, ni zan tuna musu. Akwai ma hoto."

Kawu ya dubi kakin da ke jikinsa. Ya ce shi dai daga yau ya ajiye aikin tafinta, kowa ya nemi mai kai masa saƙo. Ya fizge shaddarsa daga hannun Baba, ya koma can gindin wani mangwaro ya juya mana baya yana matsewa.

Inna ta bi shi da kallo, ta ga da gaske yake. Sai ta kwance bakin mayafinta, ta ciro ƙuli-ƙuli ta miƙa wa birinyar ta cikin waya. An hana ba dabbobi abinci, ga allo nan a rubuce da manyan baƙaƙe, ni ne ma na rubuta shi. Na kau da kai kamar ban gani ba.

"Ki ce masa ya riƙe aikinsa da gaskiya," ta ce. "Ki ce ya riƙa cin abinci, ya rame. Ki ce Allah ya yi masa albarka."

Na rasa yadda zan yi. Sai na je gaban kejin na durƙusa, da jariri a kafaɗa, na dubi birinyar da ke ta gurgurar ƙuli-ƙuli ba ruwanta da kowa.

"Ki ce mata amin. Ki ce mata na gode."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ba birinyar ta kalla ba, ni ta kalla, sau ɗaya, da sauri.

"Ta ji," in ji ta.